Darasi na Tara: Gidan Hayar Shafukan Intanet

Duk wanda ya taɓa zaman gidan haya a Mabera ko Runjin Sambo ya riga ya san rabin darasin nan. Ɗaki naka ne, makulli yana aljihunka, amma famfo ɗaya ne, tankin ruwa ɗaya, mitar wuta ɗaya. Idan maƙwabci ya yi sammako ya wanke kayan mako guda, kai da ka makara sai ka iske tanki ya ƙafe.

Shafin intanet ma ɗan haya ne. Baduku ya ɗora hotunan takalma da jakunkunan fata, ya rubuta farashi. Waɗannan abubuwa ba a iska suke ba. Suna cikin wata babbar kwamfuta da ba a kashewa dare da rana, sunanta sabar. Ana ajiye irinta a manyan gine-gine masu na'urar sanyaya ɗaki da janareta da batura, wasu a Legas da Abuja, wasu a Amurka ko Jamus. Mu da waya ke ɗumi a aljihunmu cikin zafin Afrilu ba sai an yi mana dogon bayani a kan amfanin sanyin ba.

Kuɗin da ake biya don a ba shafi wuri a cikin sabar, shi ake kira kuɗin hostin. Adireshin shafin kuma daban ake sayensa, ana sabunta shi duk shekara. Wanda ya ƙare da .ng ko .com.ng na Najeriya ne, ƙungiyar NiRA ke kula da rajistarsa. Ko wa zai yi muku aikin, ku tabbata da sunanku aka yi wa adireshin rajista.

Sabar guda tana da tsada, ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya ɗaukarta shi kaɗai ba. Sai kamfani ya yanka ta ɗaki-ɗaki, ya zuba shafuka ɗaruruwa a ciki, kowa ya biya kaɗan. Wannan shi ne hostin na tarayya. Kowa da kalmar sirrinsa, amma ƙarfin injin da ƙwaƙwalwarsa da hanyar da bayanai ke bi duk na haɗin gwiwa ne. Ga mai ƙaramin shago ko makarantar Islamiyya, wannan ya wadatar, kuma ni ma shi nake ba da shawarar a fara da shi.

To ina arahar take fitowa?

Ku dubi motar haya da za ta Illela. Direba yana iya rage kuɗin kujera idan ya cusa mutum biyu a gaba, huɗu a baya, ga buhunan albasa a but. Motar za ta tafi, amma kowa ya san yadda tafiyar za ta kasance. Kamfanin da ya karya farashi ƙwarai, sau da yawa haka yake yi: yana lodin shafuka fiye da ƙarfin sabar, da zaton ba duka za su samu baƙi a lokaci guda ba. Ranar da shafin wani ya cika da jama'a, naka sai ya riƙa jan ƙafa. Mai saye ya danna, ya jira, ya ga allo fari fat, datarsa tana tafiya, sai ya koma wurin wani. Ba zai kira ka ya ce shafinka ya ƙi buɗewa ba.

Akwai kuma inda ake tsuke hannu ba ka gani. Ma'aikacin da zai amsa ka da tsakar dare albashi yake ci. Ajiye kwafin shafinka kullum a wani wuri daban kuɗi ne. Tsaro ma haka. Shafukan da ke sabar ɗaya galibi lamba ɗaya suke fita da ita a intanet, don haka idan maƙwabci yana watsa saƙonnin damfara aka toshe lambar, imel ɗinka na halal ma sai ya daina isa. Kalmar "ba iyaka" da ake rubutawa a talla kuwa, ku nemi a karanta muku sharuɗɗan, domin kowace sabar tana da iyaka.

Na taɓa buɗe wa ajinmu shafi a wani kamfani saboda arha kawai. Wata shida muna ɗora darussa. Ran nan sabar ta lalace, na rubuta musu, sai bayan kwana uku suka amsa cewa ba su da kwafi. Wata dattijuwa a ajin ta ce mini, "Malam, ai ko kuɗin adashi ba a barinsu a hannu ɗaya babu shaida." Na sake buga darussan nan ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar, duk ƙarshen wata nake sauke kwafi in ajiye a wurina.

Kada kuma a ɗauka duk mai tsada nagari ne. Wani talla kake biya masa. Wani zai yi maka rangwame a shekarar farko, a ta biyu ya ninka, alhali tashi ya yi maka wuya. Wanda ke karɓar dala, kuɗinsa yana hawa duk lokacin da naira ta faɗi. Shi ya sa tambaya ta fi duba farashi amfani: nawa ne sabuntawa? Sau nawa kuke ajiye kwafi, kuma kyauta kuke maido shi? Kuna ba da shaidar tsaron nan da wasu manhajojin buɗe shafi ke nunawa da ɗan kwaɗo kusa da adireshi? Kafin ku biya, ku aika musu saƙo da dare, ku ga lokacin da amsa za ta zo.

Lissafi

Kamfanoni suna rubuta alkawarin yawan lokacin da shafi zai kasance a buɗe. Shekara tana da awa 8,760. Wanda ya ce kashi 99 cikin 100, ya ba kansa damar rufewa ta kusan awa 88, wato fiye da kwana 3 da rabi. Wanda ya ce 99.9, nasa bai kai awa 9 ba. A ido lambobin kamar ɗaya ne. Amma idan kwanakin nan suka faɗo a makon Sallah, lokacin da ake rububin takalma, baduku ya yi asarar kasuwar da yake jira tun bara.

Aikin gida

Wata mai kwana 30 yana da awa 720. Idan kamfani ya yi alkawarin kashi 99, awa nawa shafi zai iya rufewa a watan? Ku rubuta amsar a littafinku. Sannan ku samu wani mai shafi a unguwarku, ku tambaye shi inda yake haya, nawa ya biya a shekarar farko, nawa a ta biyu, da kuma ranar ƙarshe da ya sauke kwafi. Ku zo da abin da ya faɗa mu karanta tare a aji.