Yadda ake goyon bakwaini a ƙirji

Sanyi na daga cikin abin da ke saurin halaka bakwaini, domin ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi, ga kwalbar asibiti ba ta wadatar ba. Goyon kangaru, wato ɗaure jariri a ƙirji fata da fata, wanda likitoci suka fara a birnin Bogota na Kolombiya a 1978, shi ke cike wannan giɓin. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara shi da zarar an haihu, ga jaririn da bai cika watanninsa ba ko bai kai kilo 2.5 ba, awa 8 zuwa 24 kowace rana.

Da farko a tuɓe jaririn, a bar masa hula, safa da nafkin kaɗai. Uwa ta buɗe ƙirjinta, a kwantar da shi a tsaye tsakanin nonuwanta, cikinsa na manne da fatarta. Riga komai sirantarta idan ta shiga tsakani, ɗumin ya ragu.

Wurin kai ne ake yawan kuskure. A juya fuskarsa gefe guda, a ɗan ɗaga haɓarsa. Idan haɓar ta faɗa kan ƙirjinsa, hanyar numfashi na toshewa. Ƙafafu su buɗe kamar na kwaɗo. Sai a ɗaure da zani, bakin zanin na sama ya tsaya daidai ƙasan kunnensa, a ɗaure tamau yadda ba zai zame ba, amma kada a matse cikinsa, don da shi yake numfashi.

A ba shi nono duk bayan awa 2 zuwa 3, har da dakashi. Wanda bai iya tsotso ba, a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi. Uwa ta yi barci a kishingiɗe, matasai a bayanta. Lokacin wankan jego ko girki, uba ko kaka su karɓa, su ma fata da fata.

Zafin jikinsa ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5 a ma'aunin Celsius. Idan ƙafafunsa sun yi sanyi duk da goyon, ko ya ƙi nono, ko numfashinsa na ɗaukewa, ko tafin hannunsa ya yi rawaya, ko ya yi jijjiga, a garzaya asibiti yana nan ɗaure a ƙirji.