Darasi Na Shida: Awon Takarda Da Rubutu A Wurin Masu Buga Kati

Jama'a wanga darasin na duk wanda zai kai aiki wurin masu firintin ne, ko katin ɗaurin aure, ko na walimar sauka, ko fosta, ko rasit na shago. Da yawa a nan Sakkwato mutum zai je ya ce a buga mai kati babba mai kyau, shi ke nan, in an kawo kuma ya ce ba haka yake so ba, alhali bai faɗi awo ba tun farko.

Mu fara da girman takarda. Wadda ake fotokofi da ita sunanta A4, faɗinta milimita 210, tsawonta 297. Ka ninka ta biyu ta zama A5, ita ce daidai ƙaramin kati ko littafin rasit. Ka jera A4 biyu gefe da gefe ka samu A3, wadda ake ƙaramar fosta da ita. To lura, in lambar tana ƙaruwa takardar raguwa take yi, nan ne mutane ke ruɗewa.

Sai kaurinta. Za ka ji suna cewa giram 70, giram 80, giram 300, a jikin kwalin an rubuta GSM. Ma'anarsa nauyin takarda mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya. Giram 70 ko 80 ita ce ta yau da kullum, katin biki kuwa sai 250 zuwa 300 in ana son ya tsaya da ƙarfinshi bai lanƙwashe cikin aljihu ba. Rim ɗaya takarda 500 ne, kuma rim na A4 mai giram 80 nauyinshi kilo biyu da rabi, don kowace ɗaya giram 5 ce.

Yanzu ga wanda ya fi damuna, girman harafi. Da foyin ake auna shi, foyin 72 ne ke yin inci ɗaya, inci kuma santimita 2.54. Rubutun wasiƙa galibi 12 ne. Amma yaran kwamfuta suna son matse rubutu zuwa 8 ko 9 don sunayen iyaye da abokan ango da ƙawayen amarya duk su shiga, sai a kai ma dattijo kati ya kasa karanta ranar ɗaurin auren jikanshi sai ya nemo yaro. Wallahi wannan bai dace ba. Rana da lokaci da wuri kada su yi ƙasa da 14, gara a rage sunaye da ado, kai ke biya kai ke da ta cewa.

Bana ta fleks kuma, wato babbar ledar talla da ake bugawa a rataya a bango, da ƙafa ake lissafinta, ƙafa ɗaya inci 12. Mai ƙafa 6 da 4 sai ka ce shida sau huɗu 24, ka ninka da kuɗin da suka faɗa na kowace ƙafa, wato fili mai faɗin ƙafa ɗaya da tsawon ƙafa ɗaya. Ka auna bangon da tef kafin ka fito gida, ka kuma gaya musu wane ne faɗi wane ne tsawo, don 6 a kwance da 6 a tsaye ba aiki ɗaya ba ne. Hoton da aka turo ta WhatsApp sau da yawa fashewa yake in an ja shi, a ba su na asali daga wayar da ta ɗauka.

Aikin gida: kowa ya zo da tsohon katin biki da rula, ya auna faɗi da tsawo da milimita, ya rubuta a littafinshi, sannan ya lissafa ƙafa nawa ke cikin bana mai 8 da 3.