Yadda za ka riƙe wetoci da baƙi a babban gidan abinci

Idan aka ba ka riƙon falon cin abinci a babban restoran, irin na Maitama da Wuse 2 a Abuja ko Nasarawa GRA a Kano, to ka sani tun yau ofis ba wurin zamanka ba ne. Kuku na da kicin ɗinsa, akanta na da takardunsa, kai naka wurin tsakanin teburan nan ne, a tsaye, ido na yawo. Manajan da ke cikin ofis yana danna waya ƙarfe takwas na dare wallahi sai dai ya ji labari.

Aikin yana farawa ne tun ba a buɗe ƙofa ba. Kamar saura minti 15 ka tara yaranka duka, ka duba farce, ka duba yunifom da takalmi, wanda ya sheƙa turare har yana hawa kai ka sa shi ya canza riga don kar ya danne ƙamshin abinci. Sai ka kira kuku ya faɗa musu me ya ƙare, me yake so a tallata yau, in akwai sabon abu kowa ya ɗanɗana ko cokali ɗaya ne, saboda babu abin kunya kamar weta ya ɗauki oda ya tafi ya dawo bayan minti goma ya ce "yallaɓai kifin ya ƙare". A nan kuma za ka karanta musu waɗanda suka kama tebur tun kafin su zo, wane tebur ne na masu taron kasuwanci da ba sa son a dinga katse su, wane ne na iyali masu yara.

Tebur huɗu ko biyar sun ishi weta ɗaya. Sabon yaro kar ka ba shi tebur, ya bi tsohon hannu yana ɗaukar tire yana kallo tukuna.

Baƙo na zama a samu wanda ya gaishe shi cikin minti ɗaya, ko da "sannu da zuwa ranka ya daɗe, ina zuwa yanzu" ne kawai. Hajiya a ce mata ranki ya daɗe, ba "madam me za a kawo" da ƙafa ɗaya a gaba ba. Cokali mai yatsu a hagu, wuƙa a dama bakinta na kallon faranti, kofin ruwa a saman wuƙa, ruwa ta dama ake zubawa, wannan duk cikin sati ɗaya za su haddace. Abin da ya fi wuyar shiga kansu shi ne kar a miƙa wa mutum abu da hagu, abincin tebur ɗaya ya fito lokaci ɗaya, kuma kar a ɗauke farantin wanda ya gama alhali abokinsa na ci, don kamar kana ce masa ya yi sauri ne. Wanda ya yi odar tuwo ko sakwara, ruwan wanke hannu ya riga abincin isowa.

Toh ga inda ba wasa. Dole weta ya san abin da ke cikin kowane faranti. Girkin Faransa da na Italiya sau da yawa ana zuba giya a miyar, wasu kayan zaƙin kuma akwai jelatin wanda kan iya zama na alade, mutum ya tambaya ka ga yaro ya ce "babu komai ranka ya daɗe" alhali bai sani ba, kawai don kar a ce bai iya aiki ba. Haka yajin tsire, akwai ƙuli-ƙuli a ciki, kuma akwai mutanen da gyaɗa kaɗan ke iya kai su asibiti. Ka koya musu amsa ɗaya: "bari in tambayi kuku". Wanda ya yi ƙarya a kan wannan ni dai ba na ba da shawarar a ja masa kunne sau biyu.

Azumi kuwa shi ne jarrabawar manaja, domin duk falon a minti ɗaya yake jin yunwa. Kar ka jira kiran sallah. Dabino, ruwa da kunu su kasance a kan kowane tebur tun saura minti goma, a karɓi odar babban abinci tun mutane na shigowa, kicin ta shirya fitar da shi daidai lokacin da za su dawo daga Magariba, ba lokacin da suka tashi ba, in ba haka ba su dawo su tarar da shinkafa ta huce. Su ma wetocin da yawansu azumin suke yi, ka raba su kashi biyu, wasu su sha ruwa su yi sallah wasu na tsaye sannan a yi musanya, kuma ka ajiye musu nasu buɗa-bakin a gefe tun da wuri.

In baƙo ya yi ƙorafi kai za ka je da kanka, ka saurara har ya gama, ka ba da haƙuri, a canza abincin. Gardama ba ta dawo da kwastoma. Yaron da ya yi kuskuren kuma kar ka yi masa faɗa a gaban mutane, ka bari sai an tashi, ku biyu.

Batun kuɗi, harajin VAT kashi 7.5 ne tun 2020, wurare da yawa kuma na ƙara kuɗin hidima, galibi kashi 10, to ka rubuta su ɓaro-ɓaro a menu kar mutum ya gan su sai a rasit. Kar a kai bil sai an nema, kuma a ba wanda ya nema ɗin, a rufe. POS ka ajiye biyu na banki daban-daban saboda netwok. Tukwici kuma ka rubuta ƙa'idar rabonsa ka manna a bango kowa ya gani, masu wanke-wanke da 'yan kicin su ma da kasonsu, sannan duk wanda zai tashi ƙarfe sha ɗaya na dare ka san da motar da za ta kai shi gida.