Yadda ake gyara banish ɗin foliyuretan da ya yi hazo a kan katako mai fenti

An yi wa tebur ko durowa fenti, an bi shi da banish don ya yi ƙyalli, washegari kuma sai a tarar ya yi fari-fari. Kada ka yi saurin ɗauko samfefa. Fara gano abin da ya jawo, domin maganin ya danganta da shi.

Galibi laima ce. Wanda ya shafa banish a tsakiyar marka, ko ya ɗora shi kan fentin da bai gama bushewa ba, ya kulle danshi a ƙarƙashinsa. Shi ya sa kayan ɗakin amarya da aka yi cikin gaggawa a watan Agusta suka fi fama da wannan, kuma a kan baƙin fenti ko shuɗi mai duhu abin ya fi fitowa fili. Dalili na biyu rashin juya gwangwani. Banish marar ƙyalli sosai yana ɗauke da wani gari da ke kwantawa a ƙasa. In ba a juya ba, shafin ƙarshe sai ya kwaso garin da yawa, ya bar hazo.

Da farko ka yi haƙuri. Banish ɗin foliyuretan iri biyu ne, na ruwa da na mai, kuma na ruwa kamar madara yake fitowa, sai ya bushe yake washewa. Ajiye kayan a ɗaki mai iska, ba cikin rana ba, kwana biyu ko uku.

In bai washe ba, goga tsumma mai ɗan danshi a wurin. Idan hazon ya ɓace yayin da wurin ke jiƙe, a sama yake, gyaran ba wuya. Idan yana nan, ya shiga ciki.

Ga na ciki, gwada na'urar busar da gashi a zafi mafi ƙanƙanta, nesa da katakon kamar santimita 20, kana yawo da ita ba tsayawa. Sau da yawa danshin kan fita. In ka tsaya wuri ɗaya, banish zai yi ƙuraje.

Hazon sama, da na cikin da ya ƙi fita, sai samfefa. Ɗauki mai lamba 320, ka bi da hannu a hankali har farin ya tafi. Kula da gefuna da kusurwoyi, nan ne ake cinye banish a isa ga fenti ba a sani ba. Kada ka zuba tina, wato ruwan tsinka fenti, tana iya lalata fentin. Share ƙurar tas.

Sannan sabon shafi. Juya gwangwanin da sanda har ƙasa, kada ka girgiza, girgizawa kumfa take kawowa. Shafa siriri da burushi mai kyau, ranar da gari ya bushe. Lokacin hunturu kuma rufe tagogi saboda ƙura. Na ruwa yana son awa 2 zuwa 4 tsakanin shafi da shafi, na mai kusan kwana guda. In fentin fari ne, na ruwa za ka saya, na mai rawaya yake komawa.

Idan kuwa fentin ne ɗanye a ƙasa, har farce na shiga, ba makawa a kankare duka a sake. Fentin ruwa kan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin ya yi tauri sosai, sai ka jira hakan kafin ka ɗora masa banish.