Yadda ake sabunta takardun shago a jiha da ƙaramar hukuma

Takardar rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci, da ke rataye a bangon shago ta gwamnatin tarayya ce, kuma ba ta hana jami'in jiha ko na ƙaramar hukuma garƙame maka ƙofa. Kowane mataki na gwamnati da nasa takardun, yawancinsu kuma na shekara ɗaya ne, daga Janairu zuwa Disamba. Saboda haka aikin farko shi ne ka san wace takarda ce ta wa.

Jiha ce ke da rajistar wurin kasuwanci, wadda galibi ma'aikatar ciniki ke bayarwa, ita ce kuma ke karɓar harajin kuɗin shigar mutum ta hannun hukumar tara harajinta, kamar KIRS a Kano. Dokar 1998 da ta raba haraji tsakanin matakan gwamnati uku ta sa sabunta rajistar wurin kasuwanci a kan Naira 5,000 a birni da Naira 1,000 a karkara, amma yau kowace jiha da nata jadawalin. Ka nemi a nuna maka shi a rubuce. Ita kuwa ƙaramar hukuma, kundin tsarin mulki na 1999 ya ba ta kula da shaguna da rumfuna, gidajen abinci, gidajen burodi, wuraren wanki da guga, da allunan talla, ko da yake a jihohi da dama wata hukumar jiha ce ke karɓar kuɗin allon.

Tun cikin Disamba ka haɗa fayil ɗaya: takardar bara ta asali, rasit ɗin da ka biya da shi, kwafin takardar CAC, lambar TIN ta shaidar mai biyan haraji, takardar hayar shago, katin shaida da hotunan fasfo biyu. Rasit ɗin bara ya fi komai muhimmanci a cikinsu. In babu shi, ofis na iya ɗaukar ka a matsayin wanda bai taɓa biya ba, a lissafa maka bashin shekarun baya, a ɗora tara a kai. Rasit ɗin POS kuwa rubutunsa na gogewa cikin 'yan watanni, don haka ka yi masa hoto ranar da ka karɓe shi.

Daga nan ka je ofishin da ke ba da takardar da kanka, ko shafinsa na intanet in yana da shi, a fitar maka da takardar neman biya. Ka zauna ka karanta ta da kyau kafin ka taɓa aljihu. Duba sunan kasuwancin, adireshi, shekarar da ake nema, da rukunin da aka sa ka. Nan ne ake yawan cutuwa: mai ɗan shagon kayan masarufi sai ya tarar an rubuta shi a rukunin manyan diloli, kuɗin ya ninka. In ka ga haka, ka rubuta takardar ƙorafi, a buga maka hatimi a kan kwafinka, a gyara kafin ka biya. Kuɗin da ya riga ya shiga asusun gwamnati da wuya ya dawo.

Ka biya a banki ko ta hanyar da hukumar ta ware, da lambar da ke jikin takardar, zuwa asusun gwamnati. Kada ka tura kuɗi asusun mai sunan mutum, kada kuma ka miƙa tsaba a bakin shago don an ce za a sassauta maka. Wanda ya yi haka ya biya sau biyu, domin sunansa na nan cikin masu bashi. Shaidar banki ma ba ita ce lasisi ba. Sai ka koma da ita ofis a tabbatar kuɗin ya shiga, a ba ka rasit na hukuma da takardar bana.

Wasu sana'o'in sai an zo an duba wuri. Mai gidan abinci ko gidan burodi zai ga ma'aikatan duba-gari: ruwa, magudana, makewayi, wurin zuba shara, da takardar gwajin lafiyar masu taɓa abinci. 'Yan kwana-kwana za su duba ranar da aka cika tukunyar kashe gobara, mai wa'adin da ya wuce kuwa kamar babu ce. Mai kemis kuma lasisinsa na hukumar PCN mai kula da harkar magunguna ne, takardar ƙaramar hukuma ba ta maye gurbinsa.

Akwai ranaku uku da ya kamata ka rubuta a bango. Mai ma'aikata yana miƙa bayanan harajin albashinsu kafin ƙarshen Janairu, mai zaman kansa yana miƙa nasa kafin ƙarshen Maris, mai sunan kasuwanci kuma yana miƙa rahoton shekara ga CAC kafin 30 ga Yuni. Takardar shaidar biyan haraji shekaru uku na baya take nunawa, don haka shekara ɗaya da ka tsallake za ta tare ka ranar neman kwangila.

In ka canza wuri ko ka rufe shago, ka sanar da ofishin a rubuce, ka riƙe kwafi mai hatimi. In ba haka ba, za a ci gaba da lissafa maka kuɗi a tsohon adireshin shekara bayan shekara.