Idan lauyan da kotu ta ba ka ya yi shiru

Jama'a, ga wata shawara ga duk wanda ake tuhuma da babban laifi, kotu ta ba shi lauya, amma lauyan ya yi ɓatan dabo. Ka san cewa ba alfarma aka yi maka ba. Sashe na 14 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙin ɗan ƙasa da siyasa ya ba wanda ake tuhuma damar ganawa da lauya da isasshen lokacin shirya kariya.

Kada ka tsaya ga kiran waya kawai. Samu ɗan littafi, duk kiran da ka yi ka rubuta rana da lokaci da wanda ya ɗauka. Sannan ka rubuta masa gajeriyar wasiƙa: lambar shari'a, ranar zama na gaba, tambayoyi biyu ko uku. Ka ajiye kwafi. Galibin irin waɗannan lauyoyi shari'o'i ne suka yi musu katutu, takarda ta fi saurin motsa su.

In shirun ya ci gaba, kai ƙorafi ga shugaban ofishinsa. In ya faskara, ranar zama ka nemi izini cikin ladabi ka shaida wa alƙali, littafin nan a hannunka, ka roƙi a sauya maka lauya. Alƙali na iya ƙi, shi ya sa rubutun ke da amfani.

Amma fa kada ka taɓa bayanin laifin a gaban alƙali, ko a wayar gidan yari, ko a dandalin sada zumunta. Mai gabatar da ƙara na iya amfani da shi.