Yadda nake koya wa 'yan mata ƙwallon kwando a Katsina

Da farko sami ƙwallo mai lamba 6, ita ce ta mata. Ta maza ta yi wa hannunsu nauyi, sai su riƙa wurga ta kamar jifan mangwaro. Kwandon kuma a kafa shi mita 3.05 daga ƙasa.

Ni ba na barin yarinya ta yi jifa a makon farko. Buga ƙwallo a ƙasa kawai, da yatsu, ido na kallon gaba, hannun dama sannan hagu. Hagun nan ne rigima, har kuka wata ta yi mini! Daga nan sai jifa kusa da kwando: gwiwa a lanƙwashe, gwiwar hannu ƙarƙashin ƙwallo, a sake ta da wuyan hannu.

Da la'asar muke fita, rana ta yi sanyi. Lokacin hunturu a tanadi man shafawa, yatsu na tsagewa.

Iyaye kan tambaye ni batun hijabi. Tun 2017 FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ta amince a buga da rufin kai. Nakan kuma ba yaran labarin Awak Kuier, 'yar Finlan da aka haifa a Alƙahira, wadda Dallas Wings, ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata a Amurka, ta ɗauka a 2021.